HANKALI KE GANI: YADDA TUNANI KE SARRAFA AIKIN ƊALIBI

Gabatarwa

A cikin shekarun da na yi ina koyar da lissafi, akwai wani yaro da ba na mantawa da shi. A aji, kafin in gama rubuta tambaya a allo ya ɗaga hannu. Shi ne yake koya wa abokansa da yamma a gindin bishiya. Ranar jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, na gan shi zaune yana ta juya biro, gumi na zuba, har aka cinye rabin sa'a bai rubuta komai ba. Da muka fito na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Malam, na san abin nan, amma da na buɗe takardar sai kaina ya zama fanko."

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, ba kuma malalaci ba. Ilimin yana nan cikin kansa, amma ya kasa fito da shi a lokacin da ake bukata. Wannan ya nuna mana cewa sanin abu daban, iya aikata shi daban. Tsakanin su biyun akwai ayyukan da ƙwaƙwalwa take yi a ɓoye: mai da hankali, riƙe abu, tunawa, yanke shawara, da shawo kan fargaba. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara ɗari suna bincike a kan waɗannan ayyuka. Mu mutanen Rigachikun bai kamata a bar mu a baya ba, domin a garinmu ne hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, take. An kafa ta a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, don a horar da malamai, kuma sanin yadda yaro yake koyo yana cikin abin da ake koya wa kowane malami. A wannan darasi zan kawo muku kaɗan daga cikin abin da aka gano, da yadda zai amfane ku.

1. Mai da hankali

Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Bincike ya gaskata su. A 1999 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na matasa suna jefa wa juna ƙwallo. Aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallon. Ana cikin haka sai wani mutum sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyar 'yan wasan. Da aka gama aka tambaye su, sai aka tarar kusan rabinsu ba su gan shi ba sam. Idanunsu a buɗe suke, amma hankalinsu yana kan ƙirga.

Darasin shi ne, hankali ƙofa ce ƙarama, ba ya shigar da komai lokaci guda. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a nan bakin hanyar Zariya ya san haka. Ga kiɗa, ga lasifika, ga masu talla, amma kana iya sauraron abokinka ka bar sauran. Wani masani a Ingila mai suna Colin Cherry ya gwada irin wannan a 1953. Ya sa wa mutane magana biyu dabam dabam, ɗaya a kowane kunne, ya ce su bi ɗaya kawai. Bayan an gama, ba su iya faɗin abin da aka ce a ɗaya kunnen ba.

To, ina batun ɗalibin da yake cewa yana iya karatu yana duba waya? Abin da yake yi a gaskiya shi ne tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma duk tsallen da ya yi sai ya ɓata lokaci kafin ya kamo inda ya tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa. A 2001 David Strayer da William Johnston na Jami'ar Utah sun sa mutane wani aiki mai kama da tuƙi, suka ga cewa masu hira a waya sun ninka yawan alamun tsayawa da suke kasa gani, ko da kuwa ba su riƙe wayar a hannu ba. Wato matsalar a hankali take, ba a hannu ba. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take kama direban da ke waya yana tuƙi. A kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, daƙiƙa biyu na rashin hankali suna iya zama ajalin mutanen mota guda. A aji kuwa, abin da ake asara shi ne darasin.

2. Faifai da rumbu

Domin mu fahimci yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu, bari mu ɗauki misalin faifai da rumbu. Rumbu yana ɗaukar hatsin shekara, amma mace ba ta aiki a cikin rumbu. Sai ta ɗebo kaɗan a faifai ta tsince, ta sheƙe. Haka ƙwaƙwalwa take. Akwai babbar ma'ajiya inda sunayen 'yan'uwanka, hanyar gidanku, da jadawalin sau suke zaune shekara da shekaru. Akwai kuma ɗan wurin aiki inda kake riƙe abin da kake tunani a kai yanzu-yanzu. Rumbun yana da faɗi ƙwarai, amma faifan ƙarami ne.

A 1956 George Miller ya rubuta cewa mutum yana iya riƙe abubuwa wajen bakwai a lokaci guda, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba binciken da aka tara, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ka gwada da kanka. Karanta waɗannan haruffa sau ɗaya, ka rufe littafin, ka faɗe su:

NT IWA ECJ AMB

Da wuya ka kawo su duka. Yanzu dubi waɗannan:

NTI WAEC JAMB

Haruffan ba su canja ba, guda 11 ne, kuma a jere ɗaya suke. Amma a karo na biyu ba haruffa 11 ka ɗora a faifai ba, ƙulli uku ka ɗora, domin sunayen suna cikin rumbunka tuntuni. Haka muke yi da lambar waya mai lambobi 11: muna karya ta kashi uku kafin mu faɗa.

Ga amfanin wannan a lissafi. Ka ce za ka yi 47 sau 6 da ka. Bakwai sau shida 42 ne, ka ajiye 2, ka riƙe 4. Huɗu sau shida 24 ne, ka haɗa da 4 ɗin da ka riƙe, 28. Amsa 282. Yaron da ya haddace jadawalin sau, 42 tana zuwa masa nan take, faifansa yana da sauran wuri. Wanda sai ya ƙirga da yatsu kafin ya sami 42, kafin ya gama ya manta abin da ake nema. Saboda haka idan malami ya matsa muku da hadda da rubuta kowane mataki a takarda, ba mugunta ba ce. Rubutun yana rage wa faifai kaya ne.

3. Sabo da ƙwarewa

Ku lura da tela sabon koyo. Idan yana kallon allura sai ƙafarsa ta tsaya, idan ya tuna da ƙafa sai ɗinkin ya karkace. Bayan shekara biyu za ka same shi yana ɗinki yana hira. Aikin da a dā yake cinye masa hankali duka ya zama jiki. Wannan shi ne sirrin ƙwarewa: yawan yi yana sa aiki ya daina cin wuri a faifai.

A 1973 William Chase da Herbert Simon sun gwada masu wasan darar Turawa. Sukan nuna musu allon wasa na daƙiƙa biyar, su rufe, su ce a mayar da 'ya'yan darar inda suke. Idan daga wasan gaske aka ɗauko jerin, gwani yakan tuna da yawa fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. Amma idan barbaza 'ya'yan aka yi ba tsari, sai fifikon nasa ya kusa ɓacewa. Ashe ba wata ƙwaƙwalwa ta musamman gare shi ba, tsare-tsaren da ya saba gani ne suka taru a rumbunsa. Haka dattawan da ke dara a bakin kasuwa suke gane inda wasa ya dosa da kallo ɗaya.

Sai dai sabo yana da nasa tarko. A 1935 John Ridley Stroop ya rubuta sunayen launuka da tawadar da ba ta dace da su ba, kamar a rubuta kalmar "ja" da koriyar tawada, ya ce mutane su faɗi launin tawadar. Sai suka riƙa jinkiri da tuntuɓe, domin karatu ya zame musu jiki, kalmar tana riga su fita. Irin wannan ne yake faruwa idan ɗalibi ya ga tambaya mai kama da wadda ya saba, ya afka mata, bai lura an sa kalmar "banda" a ciki ba.

Akwai wani abu kuma. Ƙwarewa takan manne wa wurin da aka koye ta. A 1985 wasu masana uku sun bi yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Birazil. A wurin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu. Da aka ba su irin lambobin nan a takarda, ba kaya ba kuɗi, sai suka ci kusan kashi 37 kawai. Mu ma muna ganin haka. Yarinya mai tallan gyaɗa za ta sayar da ƙulli 7 a kan naira 150 kowanne, a ba ta naira 2,000, ta mayar da canjin 950 ba ta ko tsaya tunani ba. A rubuta mata 150 × 7 a allo ta ce ba ta iya lissafi ba. Aikin malami shi ne ya haɗa mata allon da farantin tallarta.

4. Mantuwa da bita

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya mai da kansa abin gwaji. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna yadda suke zubewa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, daga nan sai ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da ya raba cikin kwana uku ya yi masa aikin da maimaici 68 ya yi a rana ɗaya. Wato wanda ya raba karatunsa ya fi samun riba, kuma wahalarsa ba ta kai ta ɗayan ba. Kakanninmu sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

To, wane irin bita ya fi? Yawancinku kuna buɗe littafi ku karanta, ku sake karantawa, har shafin ya zama sananne, sai ku ɗauka kun iya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a Amurka. Wasu ɗalibai suka karanta wani rubutu a zama huɗu. Wasu kuma suka karanta a zama ɗaya, sannan sau uku aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu yawan karatun ne a gaba. Bayan mako ɗaya sai labari ya sha bamban: masu gwada kansu suka tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kusan kashi 40. Abin mamaki, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa cewa za su tuna.

Dalili kuwa shi ne, gane abu idan ka gan shi ba ɗaya yake da fito da shi daga rumbu ba. A ɗakin jarrabawa ba za a nuna maka shafin ba, fito da shi za a ce ka yi. Duk lokacin da ka rufe littafi ka yi ƙoƙarin tunowa, kana share hanyar zuwa rumbun ne. Akwai wuya, amma wuyar ce alamar aikin yana shiga.

5. Gaggawa

Amsa wannan kafin ka ci gaba. Biro da fensir sun kama naira 220. Biron ya fi fensirin tsada da naira 200. Nawa ne fensirin?

Idan ka ce naira 20, ba kai kaɗai ba ne. Amma duba: in fensir 20 ne, biro zai zama 220, jimla 240 ke nan. Amsar ita ce naira 10, biro kuma 210. Wani masani mai suna Shane Frederick ya wallafa tambaya mai irin wannan tarko a 2005, kuma ɗalibai da yawa na manyan jami'o'in Amurka sun faɗa ciki. Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2002, ya bayyana cewa tunaninmu iri biyu ne. Akwai mai sauri wanda yake jefo amsa ba wahala, akwai mai nawa wanda yake bin abu daki-daki. Mai saurin yana da amfani, da shi kake kauce wa babur a bakin titi. Amma a lissafi da shawara mai nauyi, dole ka tsaya mai nawan ya duba abin da mai saurin ya kawo.

6. Fargaba

Mu koma ga yaron da na fara ba ku labarinsa. Me ya same shi? A 2001 Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk sun nuna cewa masu tsoron lissafi, wurin aikin ƙwaƙwalwarsu yakan ƙuntata idan suna lissafi, musamman inda ake bukatar riƙe lamba a kai ta gaba. Tunanin "idan na faɗi fa?", "me Baba zai ce?", "kuɗin rajista zai tafi a banza" duk kaya ne, kuma a kan faifai ɗaya suke zama da aikin. Idan suka cika shi, ba sauran wurin lissafi. Rumbun yaron a cike yake, faifansa ne fargaba ta mamaye.

Ɗan tsoro kaɗan ba laifi ba ne, yana farkar da mutum. Wanda ya wuce kima shi ne yake ɓarna, kuma ya fi ɓata aiki mai wuya. Maganinsa na farko shi ne sabo. A tsarin jarrabawar JAMB na 'yan shekarun nan, tambayoyi 180 ake amsawa cikin sa'a biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ɗalibin da bai taɓa zama gaban kwamfuta da agogo yana ƙirga masa lokaci ba, zai kashe rabin hankalinsa wajen neman inda zai danna. Abin da na yi wa yaron nan shi ne, duk ranar Asabar nakan ba shi tsofaffin tambayoyi, in ajiye agogo a gabansa, in zauna kamar mai sa ido. Na kuma ce masa duk ranar da kansa ya ɗaure, ya ajiye biro, ya ja numfashi a hankali sau biyar, ya nemi tambayar da ta fi sauƙi ya fara da ita. Da jarrabawar gaske ta zo, ya rubuta har ya nemi ƙarin takarda.

Iyaye, ku ma kuna da hannu a nan. Yaron da aka sallama da safe da barazana, da kaya biyu yake shiga ɗakin jarrabawa.

7. Barci

Wasunku suna tsoma ƙafa a bokitin ruwa ko su ci goro don su kwana karatu. A 1997 wasu masana a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gano cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, aikinsa yakan lalace kamar na wanda ya ɗan sha giya. Bincike mai yawa ya kuma nuna cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daɗa kafa abin da aka koya da rana. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 ya riƙa samun barcin sa'a 8 zuwa 10. Wanda ya kwana karatu daren jarrabawa ya yi asara biyu: abin da ya karanta bai zauna ba, kuma ya shiga ɗakin da hankali a gajiye.

Abin da za ka yi

Na ɗaya, lokacin karatu ka ajiye waya a wani ɗaki, ko ka ba wani ya riƙe maka.

Na biyu, ka duba darasin yau tun yau, ka sake dubawa bayan kwana biyu, sannan bayan mako guda.

Na uku, bayan kowane shafi ka rufe littafi, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga abin da ka bari.

Na huɗu, ka rubuta kowane mataki na lissafi, kada ka riƙe da ka.

Na biyar, ka karanta kowace tambaya sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema.

Na shida, ka gwada kanka da agogo tun jarrabawa tana nesa.

Na bakwai, ka kwanta da wuri daren jarrabawa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

(a) Mene ne bambanci tsakanin faifai da rumbu a wannan darasi? Kawo misali daga aikin gida ko na gona.

(b) Me ya sa maimaita karatu yake sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba?

(c) Nemi wani mai sana'a a unguwarku, tela ko makaniki ko mai tuyar ƙosai, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya lokacin da yake koyo, da yadda yake yin sa yanzu.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, sau da yawa idan yaro ya faɗi jarrabawa sai a ce ba shi da kai, shi ma ya yarda, ya saki karatun. Haƙiƙa baiwa ta bambanta, amma abin da na gani a aji shi ne, waɗanda suke faɗuwa saboda rashin sanin yadda za su yi amfani da kansu sun fi waɗanda suke faɗuwa saboda rashin baiwa yawa. Ku 'yan aji shida da za ku bar mu bana, waɗannan abubuwa za su bi ku duk inda kuka je, ko jami'a, ko asibiti, ko shago, ko bayan sitiyari. Ku kuma 'yan ƙananan azuzuwa, ku zaɓi biyu daga cikin shawarwarin nan bakwai ku gwada su tun daga makon farko na zango mai zuwa, ku zo ku gaya mini abin da kuka gani.